Bidiyo, Salula da Gardamar Sauƙin Amfani a Madarunfa

Da daddare a Madarunfa, idan an yi isha'i an ɗora shayi a fada, da wuya a watse ba a kalli bidiyo ba. Salula ɗaya ce a hannu, kawuna huɗu ko biyar sun sunkuya a kanta. Wani lokaci kokowar Takobi ce, ana ta maimaita kayen da Issaka Issaka na Dosso ya yi ana musun ƙarfi ne ko dabara. Wani lokaci guntun tafsirin marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ne, wanda aka kashe a Kano a 2007 amma har yau muryarsa ba ta bar wayoyin jama'a ba. Ga barkwancin marigayi Ibro, ga sabon kashi na Labarina ko Izzar So, ga fina-finan Indiya da aka juya zuwa Hausa. Kafin a kai ƙarshe wani zai ce, "Yaya, turo min wannan." Daga nan wata gardamar ta ɓalle: da me za a tura? Wannan ya ce Xender ta fi sauri, wancan ya ce talla ta yi yawa a irin waɗannan manhajoji har mutum ba ya gane inda zai danna, na uku ya ce a bar shi da WhatsApp ɗinsa, na huɗu ya ce shi ba shi da mega.

Mai wucewa zai ɗauka hirar samari ce kawai. Amma tambayar da ke ƙarƙashinta babba ce, kamfanoni a Amurka da China suna ɗaukar dubban ma'aikata saboda ita: wace manhaja za a kira mai sauƙin amfani, kuma ga wa take da sauƙin? Masana tsara fuskar manhaja sun daɗe da amsa rabinta. Don Norman, a littafin da ya fitar a 1988 kan yadda ake ƙera kayan amfanin yau da kullum, ya tsaya a kan cewa idan mutane suna yawan kuskure wajen amfani da wani abu, laifin na wanda ya ƙera ne. Jakob Nielsen ya jera ƙa'idoji 10 a 1994, daga cikinsu akwai cewa manhaja ta yi magana da harshen mai amfani da ita, ta riƙa nuna masa halin da ake ciki, ta kuma bar masa ƙofar komawa idan ya yi kuskure. Ƙa'idojin ba su da aibi. Abin da ya rage shi ne wane mutum aka ajiye a gaba lokacin da ake zanen.

Mu dubi mutumin namu. Madarunfa tana kudu da Maraɗi, tafiyar kilomita 20 da 'yan kai, a bakin tafkin nan da ake zuwa ziyarar kushewun waliyyai 99. Ƙasarta ta haɗa Ɗan Isa da Gabi da Safo da Sarkin Yamma da Jiratawa. Akwai masunta, akwai masu noman rani da zogale, akwai 'yan kasuwar da ke tsallakawa Jibiya da Katsina su dawo. A Nijar gaba ɗaya, manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai 4 cikin 10 ba, kuma adadin ya fi raguwa a karkara da tsakanin mata. Wanda ya sayi wayarsa a Maraɗi zai tarar da ita da Faransanci, wanda ya sayo a Jibiya zai tarar da Ingilishi, shi kuwa da Hausa yake tashi yake kwana. Lantarki bai kai ga mafi yawan gidaje ba, don haka ana biyan kuɗi a wurin mai caji, kuma kowa ya tuna yadda wuta ta yi wuya bayan Najeriya ta katse layin da ke kawo ta a watan Agustan 2023. Mega ta Airtel ko Moov ko Zamani ba ta wata ake saye ba, ta dala ashirin ce ko arba'in, ta yini guda. Wayar kuma sau da yawa ƙaramar itel ce ko Tecno da ma'ajiyarta ta cika tun watan farko. Idan za a auna sauƙin manhaja a nan, da wannan ma'aunin za a auna.

Abin burgewa shi ne mutanen ba su zauna jiran a gyara musu ba. Tun kafin intanet ta zama abin hannu, sun gina tasu hanyar. Daga kaset aka koma faifan CD, daga nan katin memori da Bluetooth. Har aka samu sana'a sukutum, ta masu turi, waɗanda ke zaune da kwamfuta a bakin kasuwa ko tasha suna zuba wa mutum fina-finai da waƙoƙi da wa'azi a kan 'yan kuɗi kaɗan. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tattara waƙoƙin da ya tarar a katunan memorin matasa a Kidal ta ƙasar Mali ya fitar da su a 2011, kuma daga cikin waɗanda duniya ta fara ji ta wannan hanya akwai Mdou Moctar, ɗan Nijar, wanda yanzu yake wasa a Turai da Amurka. Waƙarsa ta riga ta ratsa hamada daga waya zuwa waya tun ba ta shiga shagon kowa ba.

Xender da SHAREit sun samu karɓuwa ne saboda sun zo sun dace da wannan al'ada. Waya ɗaya tana buɗe ɗan ƙaramin rezo nata, ɗayar ta shiga, sai fim guda ya wuce cikin mintuna ba tare da an ci mega ko ɗaya ba. Mutum ɗaya ya sauke a inda rezo ke da ƙarfi, ƙauye guda ya samu. Google ma ta taɓa fahimtar wannan. Ta fitar da YouTube Go, aka fara da Indiya, ta iso Najeriya a 2017, sannan ta bazu a ƙasashe sama da 130. A ganina ba a yi manhajar bidiyo da ta dace da mai ƙaramin ƙarfi kamarta ba: kafin ka buɗe bidiyo za ta nuna maka 'yan hotunan cikinsa, ta gaya maka mega nawa zai ci idan ka ɗauki ƙarami ko babba, ta bar ka ka ajiye, ka kuma tura wa na kusa da kai ba da intanet ba. A watan Agustan 2022 aka fara rufe ta, bisa hujjar cewa babbar manhajar YouTube ta inganta har tana tafiya a ƙananan wayoyi. Tana tafiya ɗin, amma abin da ya fi amfani ga mai sayen mega ta dala ashirin, wato sanin kuɗin kallo kafin a kalla da turawa hannu da hannu, shi ne ya tafi.

Sai saƙon murya. WhatsApp ta shigo da shi a 2013, kuma ba na jin akwai maɓalli guda da ya buɗe wa Bahaushen karkara ƙofa kamar wannan ɗan hoton makirfo. Ka danna, ka faɗi, ka saki. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana aika wa ɗanta da ke ci-rani a Legas ko Agadas gaisuwa da muryarta, ta ji tasa. Dillalin dabbobi yana aika bidiyon rago da farashinsa. Cibiyar RECA, wadda ke haɗa majalisun manoma na Nijar, tana amsa tambayoyin manoma ta kiran waya da saƙon murya da Hausa da Zabarmanci: manomi ya ɗauki hoton ganyen da tsutsa ta ci, ya yi bayani da baki, a mayar masa da amsa da baki. Haka a 2015 wani shiri da ƙungiyar Digital Green ta shiga ya ɗauki bidiyoyin shayarwa da tsabta da mutanen ƙauyukan Gidan Rumji da Agye da kansu, ana haska su da ƙaramin majigi a taron mata. Mutane sun fi saurin karɓar magana idan fuskar da ke faɗinta irin tasu ce, da karin harshensu.

A kan yadda za a gyara sauran matsalar ne ake rabuwa. Kaso na farko suna cewa maganin duka shi ne a mayar da manhajoji Hausa. Suna da hujja mai ƙarfi, musamman tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. An ma yi wani abu a baya: Google ta sa Hausa a manhajar fassararta a 2013, Facebook ta fito da Hausa a 2016, kamfanin Transsion mai Tecno da itel da Infinix ya sa Hausa a cikin harsunan wayoyinsa. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari, don harshen da ba a gani a allon waya yara za su fara ɗaukarsa na baya ne. Sai dai fassarar rubutu tana amfanar wanda ya iya karanta boko ne kawai. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani yana karanta ajami tiryan-tiryan, amma baƙaƙen boko ba su yi masa komai ba ko da Hausa aka rubuta. Kuma yawancin fassarar daga Najeriya take zuwa, da kalmomin aro na Ingilishi, alhali kunnen mutumin Madarunfa ya saba da aron Faransanci a sha'anin waya da ofis. Na sha ganin masu karatu sun sa wayarsu a Hausa, kwana biyu sun mayar da ita Faransanci, domin Hausar da suka tarar ba irin wadda ake yi a kasuwa ba ce.

Kaso na biyu suna cewa a rage rubutu gaba ɗaya, a koma murya da hoto. Su ma ba da ka suke magana ba. Indrani Medhi, wata mai bincike a cibiyar Microsoft da ke Bangalore, ta shafe shekaru tun tsakiyar shekarun 2000 tana gwada manhajoji marasa rubutu da mata masu aikatau da ƙananan 'yan kasuwa. Ta tarar cewa zanen da ke nuna aiki a fili, haɗe da muryar da ke bayani idan an taɓa shi, yana kai mutum ga biyan buƙata inda rubutu ya kasa. Ta kuma tarar cewa lambobi ba su cika ba mutane wahala ba, abin da ke rikita su shi ne jerin zaɓi cikin jerin zaɓi, ka shiga nan ka sake shiga can kafin ka iske abin da kake nema.

Amma hoto ma yana da ƙasarsu. Alamar ajiyewa a manhajoji da yawa hoton wani tsohon faifan kwamfuta ne da aka daina amfani da shi tuntuni. Layuka uku da ke ɓoye jerin zaɓi, Norm Cox ne ya zana su don kwamfutar Xerox Star da ta fito a 1981, ga ma'aikatan ofis a Amurka. Ambulan na nufin saƙo ga wanda ya taɓa zuwa gidan waya. Keken zuba kaya na babban kanti na nufin saye ga wanda ya taɓa tura shi. Masuncin da ke gyaran koma a bakin tafki yana haddace waɗannan alamomi ne ta wurin zamansu da launinsu, kore na ƙasa a dama, shuɗi na sama a hagu. Shi ya sa duk lokacin da kamfani ya sabunta manhaja ya sauya wa maɓalli wuri, abin da mai karatu zai gane cikin daƙiƙa biyar yana iya mayar da wani farko, sai ya nemi yaro ya sake nuna masa. Maƙerin garinmu ba ya ƙera hauya sai ya san ƙasar da za ta shiga da hannun da zai riƙe ta, kuma ba ya zuwa da dare ya sauya mata ƙota. Masu manhaja suna yin haka sau da yawa a shekara.

Kaso na uku, yawanci malaman makaranta ne, suna cewa duk wannan lallaɓawa ce, a koya wa mutane karatu shi ne magani. Akwai binciken da ke bayansu, kuma a Nijar aka yi shi. Wata mai bincike, Jenny Aker, da abokan aikinta sun bi wani shirin yaƙi da jahilci a ƙauyuka sama da 100 na jihohin Dosso da Damagaram a 2009 da 2010, inda aka ƙara wa wasu azuzuwa darasin amfani da salula. Waɗanda suka samu darasin wayar sun fi sauran cin jarrabawar rubutu da lissafi, domin sun samu abin da za su riƙa gwada karatun da shi kullum. Ni abin da nake karantawa a wannan sakamako shi ne waya tana jan mutum zuwa karatu idan ta fara buɗe masa ƙofa. Ba adalci ba ne a ce wa dattijo mai shekara sittin ya jira sai ya iya Faransanci kafin ya duba kuɗin da ɗansa ya aiko masa.

Akwai kuma wani sauƙin da ya kamata a yi hattara da shi, kuma shi ne ya fi cin kasuwa yanzu. Babu manhajar da ta kai TikTok sauƙin shiga. Ba sai ka karanta ba, ba sai ka nema ba, yatsa ɗaya ya isa: ka ja sama, wani bidiyon ya zo. Wannan ja marar ƙarshe, wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga Aza Raskin a 2006, shi kansa ya fito daga baya ya nuna nadamar abin da ya zama. An cire duk wata gaɓa da mutum zai tsaya ya tambayi kansa ko ya isa haka. A ƙasar da ake biyan intanet sau ɗaya a wata, lokaci kaɗai ake asara. A Madarunfa lokaci ne da mega da caji, ukun duka kuɗi ne daga aljihun ɗan kabu-kabu ko mai tallan kifi. Manhajar tana da sauƙin shiga ƙwarai, amma wurin rage cin mega ko tsayar da bidiyo mai kunna kansa yana can ciki, a rubuce, bayan matakai uku ko huɗu. Ba a ɓoye shi a can bisa kuskure ba, domin kamfanin da ke cin riba da talla yana son ka daɗe.

Tura saƙo ma haka yake. Yankin nan yana fama da 'yan bindiga masu satar mutane da shanu a tsakanin dajin Baban Rafi da iyakar Katsina da Zamfara, kuma tun 2019 dubban 'yan gudun hijira suka tsallako jihar Maraɗi. A irin wannan hali, tsohon bidiyon hari daga wata ƙasa daban, idan aka ɗora masa murya aka ce jiya ne a ƙauye kaza, yana iya tayar da gari cikin dare. WhatsApp ta ga irin wannan a Indiya, inda jita-jita ta jawo kashe mutane, sai ta taƙaita turawa zuwa wurare 5 a lokaci guda a duk duniya a watan Janairun 2019, sannan a Afrilun 2020 ta mayar da saƙon da aka yi ta yaɗawa zuwa wuri ɗaya tak. Wannan wahalarwa ce da gangan, kuma daidai ce. Amma gargaɗin da ke nuna an yi ta yaɗa saƙo ɗan rubutu ne ƙarami da kibiyoyi biyu a samansa, wanda bai iya karatu ba ba zai san an gargaɗe shi ba. Ga shi kuma dokar laifukan intanet ta 2019, bayan gyaran da aka yi mata a watan Yunin 2024, ta dawo da hukuncin ɗauri ga mai yaɗa abin da zai iya dagula zaman lafiyar jama'a. Mutum zai iya shiga hannun hukuma saboda danna maɓalli ɗaya da ba a taɓa yi masa bayaninsa da harshensa ba.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne sha'anin kuɗi da sirri. Kamfanonin Nita da Al Izza da Amana sun sauƙaƙa aika kuɗi a faɗin ƙasa, kamfanonin waya ma suna da nasu asusun. Amma duk inda aikin ya koma cikin waya, jerin zaɓi ne a rubuce da lambobin da za a bi ɗaya bayan ɗaya. Sai ka ga dattijo ya miƙa wa yaro wayarsa ya ce, "Ɗana, duba min," ya kuma faɗa masa lambar sirri da baki a gaban jama'a. Matar da ke amfani da wayar mijinta ko ta ƙaninta ba ta da hanyar da za ta ajiye hotonta ko saƙonta inda wani ba zai gani ba, domin an gina wayar a kan zaton mutum ɗaya ne mai ita. Mai turi da mai caji da mai gyara duk suna riƙe wayoyin mutane na awoyi, kuma ba sau ɗaya ba bidiyon cikin gida ya fita ta irin wannan hanya ya kashe aure. Saboda haka ma'aunina na manhaja mai sauƙi shi ne wannan: mai ita ya iya biyan buƙatarsa shi kaɗai ba tare da ya miƙa wa wani wayarsa ba, ya san abin da zai kashe kafin ya danna, ya kuma iya janyewa idan ya yi kuskure. Da wannan ma'auni, saƙon murya ya ci, turin waya zuwa waya ya ci rabi, yawancin manhajojin kuɗi da na hukuma sun faɗi.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar fasaha. Maɓallin da zai karanta wa mutum abin da ke allo da Hausar baki, nuna farashi da sefa maimakon mega, tambayar tabbatarwa da murya kafin kuɗi su fita ko bidiyo ya tafi rukuni, barin maɓallai a inda aka saba ganinsu, duk abubuwa ne da aka san yadda ake yi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne muryoyin Hausa da za a koya wa na'ura, musamman Hausar Katsina da Gobir da Damagaram, kuma shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryar duk wanda ya ga dama ya bayar. Hukumar ARCEP, mai sa ido kan kamfanonin sadarwa, tana da ikon neman a riƙa sanar da mai waya sauran megarsa da sharuɗɗan abin da ya saya da Hausa, a rubuce da kuma a murya.

Ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da duk matashin da ke koyon rubuta manhaja, Nielsen ya nuna tun shekarar 2000 cewa gwaji da mutum 5 kacal yana fito da mafi yawan matsalolin fuskar manhaja. Madarunfa ba ta kai tafiyar awa guda daga jami'ar ba. Ku zo da abin da kuka rubuta ranar kasuwa, ku ba masunci da mai sayar da zogale da malamin allo da uwar gida, ku faɗa musu aikin da za su yi, ku zauna gefe ku yi shiru kuna kallon inda yatsansu ya tsaya. Ku gyara wurin, ku sake dawowa kasuwa mai zuwa.